Dusar Jar Akuya

Da sunan Allah, mai saukar da ruwa inda Ya so, mai riƙe shi inda Ya so. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta.

Marka ta kama mu bana kamar ba za ta saki ba. Rana ba ta leƙowa sai ta ga dama, kayan wanki suna kwana a kan igiya suna warin ɗanyi, itace kuwa sai an yi ta fifita kafin ya yarda ya kama. Ruwa kam an samu. Amma gonakin da ke can wajen Gangara da Farfaru ciyawa ce ta gaje su, don masu su suna nan cikin gari a raɓe gidajen dangi, ba mai iya fita da hauya saboda mutanen daji. Iyaka kuma yau a buɗe, gobe a rufe. Kowace uwar gida da na sani ta rage hannu wajen awo.

Jiya da hantsi ina zaune a ƙofar ɗaki, matar ɗana ta jiƙa dusa a roba za ta ba tumakinta. Sayo ta take yi wurin mai inji, don yanzu ba mai daka a unguwar nan. Da ta wuce ta gabana sai warin ya taso. Warin jiƙaƙƙiyar dusa ba ya kama da na komai, tsami-tsami ne da ɗan ɗumi. Ta ce, "Inna, lafiya kika yi shiru?" Na ce lafiya lau. Amma carbin da ke hannuna ya tsaya, na koma wata marka da ta wuce tun uban 'ya'yanta yana cikina.

A lokacin ma nan Magama muke, kusa da shingen kwastan, gaba kaɗan kuma ga na duwan, wato kwastan ɗin Nijar. Sai dai gidajen na ƙasa ne da darni, ba na bulo ba. 'Ya'yana biyu, duk mata: 'yar farina, wadda ko a rubuce hannuna ba ya iya sa sunanta, da ƙanwarta Zulai. Zulai ba ta isa yaye ba ciki ya shige ni. Tsofaffi suka ce nonon ya ɓaci, na cire ta ba don ina so ba.

Darni ɗaya ya raba mu da gidan Alhaji Mati, mai fataucin hatsi tsakanin nan da Maraɗi. Shi da maigidana, Malam, taubasai ne: uwar Malam da uban Mati ciki ɗaya suka fito. Mati maraya ya tashi, a gidan su Malam aka riƙe shi, akushi ɗaya suka ci. Daga baya Allah Ya buɗa masa, Malam kuwa ya tsaya ga gonarsa da 'yan littattafansa. Ba su haɗuwa su rabu ba a yi tsiya ba. Alhaji ya ce "bawana", Malam ya ce "ɗan fasa-ƙwauri", jama'a su yi dariya a wuce wurin. Wasan taubasai ne, ba wanda ke riƙe shi a rai.

Matar Alhaji, Baraka, mutuniyar Madarunfa ce, can cikin Nijar. Ni ina ce mata 'yar Faransa, ita tana ce mini 'Yar Malam, in ta so tsokana ta ce 'yar Ingilishi. Akwai wata 'yar kafa a jikin darnin, daidai shigar mace in ta sunkuya. Ta nan muke ɗibar wuta, ta nan muke aron rariya da ludayi, ta nan gulma ke shiga ta fita.

Yinina a jere yake, ba ya canzawa. In na yi sallar asuba in share tsakar gida, in hura wuta, in ja ruwa in cika randa, in dama wa yara abin karyawa. In hantsi ya yi in goya Zulai in sunkuya ta kafar nan, in taya Baraka surfe. Gidansu gidan baƙi ne, direbobi da 'yan dako da dangin Alhaji na ƙauye, kullum sai an surfa hatsi mai yawa. Al'adar unguwarmu kuwa, wadda ta taya ki surfe, dusar tata ce in tana da dabba. Ba roƙo ba ne, ba kyauta ba ce, ko godiya ba a yi a kai. Ni kuma ina da jar akuya mai tsagaggen kunne, wadda mahaifina ya ba ni daga Daddara lokacin da aka kawo ni. Uwar kuka ce. Kafin ladan ya buɗe baki ta buɗe nata, sai Baraka ta ɗaga murya ta bayan darni, "'Yar Malam, ki ce ma limamiyar taki mun ji, mun tashi!"

Daminar da ta gabaci wannan, ruwa ya ɗauke gero na da ciki. Ya bushe a tsaye, kan bai fito ba. Abin da Malam ya ɗaure daga gonarsa ta hanyar Gangara bai rufe gindin rumbu ba. Muka ja shi da dabara har rani ya raba, sannan ya ƙare, sai iri da ke rataye a ɗaka, wanda ko kallonsa ba a so a yawaita.

Bazarar shekarar ban taɓa ganin irinta ba. Tun hantsi ƙasa ke ƙona tafin ƙafa. Guga ya dawo daga rijiya rabinsa laka. Gulbi ya zama rairayi, mata na tonon sa da ƙoƙo suna jiran ruwa ya tsatso. Mutanen arewa suka yi ta gangarowa ta iyaka da jakunansu da tabarminsu, shanunsu na faɗuwa a bakin hanya, wasu ko wuƙa ba a kai musu ba. Da yamma hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta gabas, mu kwashe shanya da gudu, sai iska ta zo ta watsa shi, ta bar mu da gumi.

Wata safiya bayan salla Malam ya kwance jar akuya. Bai kai ta kasuwar Jibiya ba, inda kowa ya san shi. Ya ƙetara da ita can kasuwar Ɗan Isa, ya dawo da ɗan hatsi a ƙasan buhu. Ya ajiye ya ce, "Kulu, abin ga ya tsaya tsakaninmu. Ban so in ji shi a bakin kowa, balle gidan Mati." Na ce to. Na san abin da ke ransa. Wanda ubansa ya ciyar da Mati ba zai iya tsayawa gaban Mati ya ce ba shi da abin ba 'ya'yansa ba.

Washegari na je surfe kamar kullum. Muka gama, Baraka ta bakace, ta ture mini dusar ta ce, "Ga na mutuniyar." Na buɗe baki in ce ba ta nan, sai maganar Malam ta tare ni. Na juye a ƙwaryata na fito.

Zubar da ita na yi niyya. Na tsaya da ƙwaryar a bakin turken da ba komai a ɗaure, na duba cikinta, na ga 'yan farfasassun ƙwayoyi jefi-jefi. Sai na shanya ta. Da hatsin Ɗan Isa ya ƙare, ita muka koma wa.

Ga yadda nake yi. In ta sha iska in sake zuba ta a turmi, in daka a hankali don kada a ji, in tankaɗe. Tsakin da na tsince, wato farfasassun ƙwayoyin nan, in ware shi daban. Shi ne kunun Zulai, don cikinta ba ya ɗaukar wani abu. Sauran in tuƙa shi da yaɗiya ko busasshiyar tafasa mu ci. Tuwon dusa ba ya haɗuwa, wargajewa yake a hannu. Yana kartar maƙogwaro, yana barin ɗaci a bayan harshe, in ya sauka kuma ciki ya yi ta ƙugi har la'asar. Ranar farko da na ajiye wa Malam, ya buɗe akushi ya duba, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya yi bisimilla ya ci. Bai tambaye ni daga ina ba, ni ma ban faɗa ba. Haka muka yi ta yi.

Baraka ba kurma ba ce. Wata rana muna cikin surfe ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Limamiyar taki ta bar kiran salla kwanan ga."

Na ce, "Girma ya zo mata."

Ta ce, "Awo. Girma kan sa haka."

Daga ranar hannunta ya canza. Surfe ana yayyafa ruwa ne a bi shi da lallashi, don dusa ta fita ƙwaya ta tsira. Baraka sai ta rage ruwa, ta riƙa ɗaga taɓarya sama tana sako ta da ƙarfi, hatsi na farfashewa. In ta zo bakace kuma ta karkata faifai, tsaki na zuba cikin dusa, ita tana kallon wani wuri.

Na ce, "Ke 'yar Faransa, haka ake surfe a garinku? Kin kashe hatsin mutane."

"Hannuna ne haka, gadon uwata. Ke dai ɗaga taɓarya, 'yar Ingilishi, kin tsaya kina lanƙwasa kamar karan rama."

Wata rana kuma ta ce, "Wai akuyar ga tana shan miyar kuka?"

"Wace akuya kika taɓa gani tana shan miya?"

"Ta Ingilishi mana. Ku komi naku daban yake. Jiya na ji an ce wani jakinku ya tsaya shingen duwan ya nemi shayi."

Muka yi dariya har Zulai ta farka a bayana. Da na koma gida na juye ƙwarya, na sami ƙullin kuka da daddawa da ɗan gishiri a ƙasan dusar. Washegari ta ce, "Ya mutuniyar?" Na ce, "Ta ce a gaishe ki." Ta ce, "Ina amsawa. Ki ce mata ta ci da kyau, ba a son akuya da rama."

Sau ɗaya abin ya kusa fashewa. 'Yar farina ta biyo ni, ga baƙi mata daga ƙauyen Alhaji suna zaune a gindin rumbu. Yarinyar ta ga ana tara dusa ta ce, "Inna Baraka, jiya da muka ci..." Ban san lokacin da Baraka ta ɗauko curin fura ta toshe mata baki da shi ba. Ta ce, "Ɗiyar ga surutu, gadon limamiyar gidansu. Tauna, ki bar ma manya magana." Baƙi suka yi dariya, aka shiga zancen tsadar atamfa.

Ni kuma in na ga kanta ya tsufa in zaunar da ita in yi mata kitso, tana ba ni labarin minsharin Alhaji da yadda uwarta ke toya waina a Madarunfa. In ciwon kanta ya tashi in ɗauko allo in yi mata rubutu yadda mahaifina ya koya mini, in wanke ta sha. Ba wadda ta taɓa cewa wannan don wancan ne. Yanzu in na ga matar ɗana ta aika da hatsi inji an dawo mata da gari a leda, sai in ce ta huta, kuma da gaske ta huta. Sai dai inji ba ya karkata faifai.

Ruwan shuka ya zo a makare, da tsawa da iska, ƙamshin ƙasa ya cika ɗaki har na ji kamar in ɗiba in ci. Muka sauke iri. Malam na gaba da sungumi yana sara, ni da 'yar farina muna biye muna jefawa muna takewa da diddige. Yarinyar ta kan saci ƙwaya ta jefa a baki, in yi kamar ban gani ba. Allah Ya sa shukar ta kama. Aka yi noman farko, aka yi maimai, Malam na yi da cikin dusa, in ya sunkuya ana ganin haƙarƙarinsa ta yagewar riga. Gero ya tashi kore shar, ya wuce gwiwa, ya wuce ƙugu, ya rufe mutum. Duk wanda aka gamu da shi sai ya ce saura kaɗan. Zulai ta rame, gashinta ya yi ja, amma tana shan kununta, tana zama, in Baraka ta yi mata lugude da taɓarya tana tafa hannu. Fatana duka shi ne tsakin nan ya kai ta ranar da za a karyo sabon gero a gasa tumu.

Sai marka ta shigo. Yunwar bazara tana zuwa da zafi, mutum ya kwanta a inuwa ya sha ruwa ya manta da ita. Ta marka da sanyi take zuwa. Ɗaki na yoyo, tabarma ta yi laushi, dusa ba ta bushewa sai na baza ta a gefen murhu ina juyawa, hayaƙin ɗanyen itace na cin ido. Duk inda aka duba kore ne, amma ba abin kaiwa baki.

Ranar da abin ya faru, ruwa ya wuni tun safe, bai bari an yi surfe ba sai bayan la'asar. Da ya tsagaita maza suka fito dakalin ƙofar gidan Alhaji, mu kuma muka jawo turmi. Tsakaninmu da su katangar zaure ce kawai, duk abin da aka faɗa muna ji. Malam ya dawo daga gona a jiƙe, hanyarsa kuwa ta gabansu ce.

Alhaji ya ce, "A'a, bawana! Daga ina haka, kamar an tsamo kaza a randa?"

Malam ya ce, "Daga inda ake neman halal. Kai ba ka san hanyar wurin ba."

Dakali ya ɗauki dariya. Baraka ma ta murmusa ta ce mini, "Yau naki ya kada nawa." Alhaji kuwa ba ya iya bari a tashi an kada shi.

Ya ce, "To mai halal, tsaya mu gaisa. Ya iyali?"

"Lafiya lau."

"Ya gona?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya akuya?"

Malam ya ce, "Tana nan."

"Madalla. Ni kau tun bazara na gan ta a kasuwar Ɗan Isa, mai tsagaggen kunnen nan, mahauci na jan ta. Amma jama'a ku ga ikon Allah, har yau dusata take ci! Ga ta nan gabanku, da gemunta da carbinta, har gona take zuwa."

Wasu suka yi dariya, irin wadda ke fita kafin mutum ya gane. Sannan ta mutu. Na ji wani dattijo ya ce, "Haba Mati. Haba." Alhaji ya ce, "Wasa ne fa, taubashina ne, in ban yi da shi ba da wa zan yi?"

Taɓarya ta suɓuce daga hannun Baraka ta faɗa cikin laka. Ta ce, "Wayyo Allah. Bakin ga ya kashe mu."

Ashe tun farko Alhaji ya sani. Ya sani ya bar dusa na fita, bai taɓa tambayar matarsa don me hatsinsa ke saurin ƙarewa ba. Ban ce mugu ne ba, ko yau ba zan ce ba. Ya riƙe asirin wata da watanni, sannan ya sake shi don kada a tashi ana yi masa dariya.

Baraka ta kwashe abin da ke cikin turmi yadda yake, ba bakace, ta cika mini ƙwarya ta ce, "Tahi maza." Na sunkuya ta kafa na tarar da Malam tsaye a tsakar gida, ruwa na ɗiga daga rigarsa. Bai yi tsawa ba. Ya karɓi ƙwaryar daga hannuna kamar mai taya ni sauke kaya, ya fita da ita, na ji ya ce, "Mati, ga dusarka." Ya dawo ya ce, "Kulu, ki ji da kyau. In kika sake taka gidan can, ko wani abu nasu ya sake shiga tukunyar gidan ga, a bakin aurenki."

Na ce, "Malam, Zulai fa?"

Ya ce, "Wanda Ya halicce ta bai manta da ita ba."

Na ce, "Bai manta ba. Shi ya sa Ya ajiye mata Baraka a bayan darni."

Ya ɗauki gatari ya saro ƙaya, kafin magariba ya toshe kafar.

In da rantsuwa da Allah ya yi, na san akwai kaffara, na karanta a gaban mahaifina. Amma ya ɗaura maganar a igiyar aure, wannan kuwa ba azumin da ke kwance ta. Mahaifina ya rasu, 'yan'uwana a Daddara su ma ganye suke ci. Ga ciki, ga 'ya'ya biyu. Na zauna.

Washegari Alhaji ya zo da kansa da buhu a kan jaki, ya yi ta sallama a ƙofa. Malam ya fita ya amsa sallamar, ya ce ya yafe, amma buhun ya koma, baki ya riga ya furta. Dattawa suka zo, ya ba su amsa ɗaya. Baraka ta bi ta hannun wata tsohuwa mai ƙosai a unguwar, ta ba ta tsaki ta kawo a ce nata ne. Malam ya tare ta a zaure ya ce, "Iya, don Allah daga ina?" Tsohuwa ta kasa yi masa ƙarya da sunan Allah, ta juya da ƙullinta.

Gaisuwa ce kawai ba a toshe ba. Kowace safiya ina shara muryar Baraka ta ƙetaro.

"'Yar Malam, kun tashi lahiya?"

"Lafiya lau."

"Ya kwanan Zulai?"

"Da sauƙi."

"Allah Shi ƙara sauƙi."

"Amin."

Daga nan sai in ji turminta ya fara. Taɓarya ɗaya, a hankali, yadda ake surfe na gaskiya.

Kada in zalunci Malam, yana ƙasa yanzu, Allah Ya yi masa rahama. Bai zauna ba. Ya yi ƙwadago a gonakin mutane. Ya fita da babbar rigarsa ta Juma'a bai dawo da ita ba. Ya kawo garin rogo, ya kawo anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an yi ta jiƙawa ana zubar da ruwan kafin a iya cin su. Rabonsa ya kan ture wa yara ya ce ya ci a gona. Mu cikinmu ya ɗauka. Na Zulai bai ɗauka ba. Garin rogo ya kumbura ta, tafasa ta sa ta gudawa. Ƙafafunta suka cika, in an danna yatsa wurin ya zauna. Na yi mata rubutu ta sha. Na kai ta asibiti, malamin wurin, wani Kirista mai sanyin magana, ya duba idonta ya ce, "Mama, ba ciwo ba ne. Kunu take so mai kyau, kaɗan-kaɗan." Na ce to, na gode. Na goyo ta muka dawo cikin yayyafi ta ƙofar gidan Alhaji, ƙamshin tuwo na fitowa ta zaure.

Gero kuwa ya fidda kai, ya yi bununi, ƙwaya ta fara madara. Malam ya dawo ya ce saura ƙiris.

Wata safiya ina shara tana goye. Ruwa ya kwana yana zuba, tsakar gida duk ganye da guntayen kara. Baraka ta gaishe ni na amsa, ta ce ya Zulai na ce da sauƙi. Na kai wajen randa sai na ji ta yi wani irin nauyi, kanta ya sauka tsakanin kafaɗuna, ɗan numfashin da ke taɓa wuyana ban ƙara jin sa ba. Ban tsaya ba. Na share gaban madafa, na share gaban ɗaki, na kai sharar har bakin zaure na kwashe, don na san in na kwance zanen shi ke nan. Sannan na shiga ɗaki na kwance. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Aka kai ta kafin azahar. Mata suka cika gidan. Baraka ta shigo ta ƙofar gaba kamar baƙuwa, ta zauna ta riƙe ƙafata.

Ranar sadakar uku da safe na ji motsin jaki a ƙofa. Alhaji ne da buhun nan, ya ce na sadaka ne, a yi wa yarinya gumba. Ina ɗaki ina jin su a zaure, har da liman da dattawa. Malam ya ce, "Liman, ka san abin da bakina ya faɗa." Liman ya gyara murya ya ce ai wannan bai shiga ciki ba. Abin da mutum ya fitar sadaka ya bar hannunsa, ya zama na Allah, ba na gidan Mati ba ne kuma. Ko tukunyar wa ya shiga, aure na nan daram. Dattawa suka ce haka ne, haka ne. Sannan Malam ya ce a shigo da shi.

Na zauna ina juya maganar. Ashe akwai ƙofa. Tana nan tun ranar da aka saro ƙaya. Limamin nan ne, littafin nan ne, buhun nan ne. Ba wanda ya neme ta sai da aka buƙaci gumba.

Aka kwance buhu a tsakar gidana. Gero ne tas, tsohon ajiya, mai ƙamshin rumbu. Mata suka ce in zauna, na ce a'a, hannuna na son aiki. Aka jawo turmina da ya daɗe a kife. Baraka ta ɗauki taɓarya ɗaya, na ɗauki ɗaya. Ba lugude, ba magana. Muka surfa, aka wanke, aka daka, aka dunƙula gumba. Yaran unguwa suka zo da tafin hannu a buɗe. 'Yar farina ta ci har ta kasa tashi, ta kwanta a gindin turmi ta yi barci da sauran a hannunta.

Dusar ta taru a faifai, mai yawa. Na juye ta a ƙwarya na ture wa Baraka.

Ta ce, "Mi zan yi da ita?"

Na ce, "Ke kika taya ni surfe."

Ta dube ni, ta dubi ƙwaryar. Ta gyara lulluɓi ta ɗauka, ta nufi zaure. Na bi ta har bakin ƙofa na tsaya daga ciki. A waje an shimfiɗa tabarmi, Malam da Alhaji na zaune kafaɗa da kafaɗa suna karɓar gaisuwa, in an ce musu ya haƙuri su amsa tare. Baraka, wadda ban taɓa jin ta yi magana a taron maza ba, ta durƙusa ta ajiye ƙwaryar a tsakaninsu.

Ta ce, "Alhaji, Malam, ga dusar. Ku raba."

Ta miƙe ta shige gidanta. Ba wanda ya ce haba. Ƙwaryar na nan har aka kira la'asar, masu zuwa gaisuwa na kewaye ta su miƙa hannu, ƙuda na sauka a kai, ba wanda ya iya ɗaga ta.